Hujjar lissafi mai shafi fiye da dubu goma: Yadda masana suka ƙidaya tubalan daidaito, da abin da ya sa har yau ake sake rubuta ta

A shekarar 1983 wani farfesan lissafi na Jami'ar Rutgers da ke Amurka, Daniel Gorenstein, ya shelanta cewa an kammala wani aiki da ya ci ƙarfin masana kusan ɗari na tsawon shekaru talatin. Aikin shi ne fitar da cikakken jerin abin da masana lissafi suke kira rukunai marasa rabuwa, tare da kafa hujjar cewa babu ko ɗaya da aka tsallake. Hujjar tana warwatse cikin ɗaruruwan maƙalu, shafukanta sun haura dubu goma, kuma da wuya a nuna mutum guda da ya karanta ta daga farko har ƙarshe.

Bayan 'yan shekaru sai ta bayyana cewa shelar ta yi gaggawa. Akwai wani babban giɓi a tsakiyar hujjar, wanda ba a cike shi ba sai a 2004. Daga nan ne tambayar da ta fi lissafin kansa nauyi ta taso: idan hujja ta yi tsawon da babu mai iya bin diddiginta shi kaɗai, kuma waɗanda suka rubuta ta suna tsufa suna mutuwa, da me jama'a za su dogara su ce gaskiya ce?

Mene ne rukuni?

Hanya mafi sauƙi ta gane ma'anar rukuni ita ce duba hatimi mai gida tara, wanda almajirai da yawa suka san shi. A jera lambobi daga 1 zuwa 9 haka: layin sama 4, 9, 2, layin tsakiya 3, 5, 7, layin ƙasa 8, 1, 6. Duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da 15. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai. Ilimin rukuni bai zo ba sai bayan shekara ɗari da zamaninsa, amma abin da ya yi nazari a kai misali ne mai kyau na ilimin.

Idan aka juya takardar hatimin kwata ɗaya zuwa dama, lambobin za su sauya wuri amma jimillar za ta ci gaba da zama 15. Haka ma idan aka juya ta rabi, ko kwata uku. Idan aka bar ta yadda take, wannan ma ana lissafa shi a matsayin motsi, wato motsin da bai taɓa komai ba. An sami huɗu ke nan. Sannan ana iya kifar da ita kamar yadda madubi yake yi, ta hanyoyi huɗu: hagu ya koma dama, sama ya koma ƙasa, ko a bi ɗaya daga cikin layuka biyu na karkace. Jimilla motsi takwas. Duk wani hatimi mai gida tara da aka gina da lambobi 1 zuwa 9 ɗaya ne daga cikin waɗannan siffofi takwas.

Waɗannan motsi takwas su ne rukuni. Sharuɗɗansa huɗu ne. Idan aka yi motsi biyu a jere, sakamakon ɗaya ne daga cikin takwas ɗin. Akwai motsin da ba ya canja komai. Kowane motsi yana da wanda yake warware shi. Sannan idan za a yi motsi uku a jere, ba kome ko an fara haɗa biyun farko ko biyun ƙarshe, muddin ba a sauya jerinsu ba.

Jerin kuwa yana da tasiri. A juya hatimin kwata ɗaya zuwa dama sannan a kifar da shi hagu da dama, layin sama zai zama 4, 3, 8. A fara kifarwa sannan a juya, layin sama zai zama 6, 7, 2. A lissafin makaranta 3 sau 5 daidai yake da 5 sau 3, amma a nan abin da aka fara yi yana sauya sakamako. Mafi yawan wahalar wannan ilimi, da kuma daɗinsa, daga nan suka samo asali.

Duk inda abu yake da daidaiton siffa, akwai rukuni a ɓoye: a zanen bango, a ƙwayar gishiri, a agogo mai awa 12, har da akwatin wasan nan mai launi shida da Ernő Rubik ya ƙirƙira a Hungary a 1974, wanda yake da yanayi 43,252,003,274,489,856,000 da za a iya murɗa shi zuwa gare su.

Matashin da siyasa ta kai kurkuku

Wanda ya fara amfani da kalmar rukuni da wannan ma'ana matashi ne ɗan Faransa mai suna Évariste Galois, wanda aka haifa a 1811. Matsalar da ta dame shi tsohuwa ce. Tun wajen shekarar 820 Al-Khawarizmi ya bayyana a Bagadaza yadda ake warware tambayar aljabara mai mataki na biyu, wato wadda lambar da ake nema ta ninka kanta sau biyu. A 1545 Cardano ɗan Italiya ya buga hanyoyin warware mataki na uku da na huɗu. Mataki na biyar kuwa ya gagari kowa kusan shekara ɗari uku, har Niels Abel ɗan Norwe ya tabbatar a 1824 cewa babu wata dabara guda da za ta warware dukkan tambayoyin wannan mataki ta hanyar tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da cire saiwa. Galois ya wuce nan, ya nemi sanin dalili.

Rayuwarsa ta zo daidai da lokacin da Faransa take tafasa. Mahaifinsa, wanda yake magajin garin Bourg-la-Reine, ya kashe kansa a 1829 bayan abokan hamayyar siyasa sun ƙulla masa sharri. Sau biyu Galois yana faɗuwa jarrabawar shiga École Polytechnique. A juyin juya halin Yulin 1830, wanda ya kifar da Sarki Charles na Goma, shugaban makarantar horon malamai da yake karatu ya kulle ɗalibai don kada su fita titi. Galois ya soki shugaban a jarida, aka kore shi. Ya shiga sahun masu neman jamhuriya. A Mayun 1831 aka kama shi saboda ya ɗaga kofi da wuƙa a hannu yana ambaton sabon sarki, Louis-Philippe, a wajen wata liyafa, amma kotu ta sallame shi. Ranar 14 ga Yulin shekarar aka sake kama shi a zanga-zanga sanye da kakin rundunar da gwamnati ta rusa, aka ɗaure shi a gidan yarin Sainte-Pélagie.

A ɓangaren ilimi ma bai ji da daɗi ba. Rubutun da ya aika wa Cibiyar Kimiyya ta Paris a 1830 ya ɓace bayan rasuwar Fourier, wanda aka damƙa wa shi. Wanda ya sake aikawa a 1831 kuma Poisson ya mayar da shi, yana cewa hujjar ba ta fito fili yadda za a iya yanke mata hukunci ba. Ranar 30 ga Mayun 1832 aka harbe shi a ciki a wani fito-na-fito da bindiga, ya rasu washegari yana da shekara 20. A daren da zai fita ya rubuta wa abokinsa Auguste Chevalier doguwar wasiƙa yana taƙaita bincikensa. Sau da yawa akan ce a wannan dare ya ƙirƙiri ilimin baki ɗaya, alhali ya riga ya rubuta ainihin aikin tun kafin nan. Sai a 1846 Joseph Liouville ya buga takardunsa, shekara 14 bayan mutuwarsa.

Tubalan da ba sa fasuwa

Abin da Galois ya gano shi ne kowace tambayar aljabara tana da rukuninta, wanda ya ƙunshi hanyoyin da za a iya musanya amsoshinta ba tare da an ɓata dangantakar da ke tsakaninsu ba. Idan rukunin yana farfasuwa zuwa ƙananan gutsattsari masu sauƙi, to tambayar tana warwaruwa. Idan ya ƙi fasuwa, ba ta warwaruwa.

A mataki na huɗu, amsoshi huɗu ana iya jera su ta hanyoyi 24, kuma rukunin yana farfasuwa zuwa gutsattsari masu girman 2 da 3 da 2 da 2. Kowane gutsure yana daidai da cire saiwa sau ɗaya. A mataki na biyar hanyoyin 120 ne. Ana iya raba su biyu, a sami wani rukuni mai motsi 60, daga nan kuma sai a ci karo da dutse, domin wannan rukuni ba ya ƙara fasuwa ta kowace fuska. Shi ne dalilin da ya sa mataki na biyar ya gagara.

Rukunin da ba ya fasuwa shi ake kira marar rabuwa. Matsayinsa a wannan ilimi kamar matsayin lambobi irin su 2, 3, 5, 7 ne a ilimin ƙidaya, waɗanda ba sa rabuwa sai da kansu da kuma ɗaya. Camille Jordan da Otto Hölder sun tabbatar a ƙarni na 19 cewa kowane rukuni mai iyakar girma yana farfasuwa zuwa irin waɗannan tubala, kuma ta ko'ina aka fara fasa shi tubala iri ɗaya za a samu. Saboda haka wanda ya san dukkan tubalan ya san kayan da aka gina kowane daidaito da su, ko da yake tubala iri ɗaya suna iya gina ɗakuna dabam-dabam. A 1892 Hölder ya yi tambayar kai tsaye: shin za a iya lissafa su duka?

Abin da jerin ya ƙunsa

Amsar da aka samu bayan ƙarni guda ita ce, kowane rukuni marar rabuwa mai iyakar girma yana cikin ɗaya daga zuri'a 18 marasa ƙarshe, ko kuma yana cikin wasu guda 26 da suka ware kansu. Zuri'a ta farko ita ce ta rukunan zagaye irin na agogo, masu girman lamba marar rabuwa. Ta biyu ita ce ta musanyar abubuwa biyar zuwa sama, wadda mai motsi 60 ɗin nan yake jagoranta. Sauran 16 ana jingina su ga Sophus Lie ɗan Norwe, kuma Claude Chevalley ne ya shimfiɗa hanyar gina mafi yawansu a 1955.

'Yan waren 26 su ne abin mamaki, domin ba su bin tsarin kowace zuri'a. Émile Mathieu ya gano biyar a 1861 da 1873, ƙaraminsu yana da motsi 7,920. Fiye da shekara casa'in ba a ƙara samun wani ba, har Zvonimir Janko, ɗan Kuroshiya da yake aiki a Ostireliya, ya fito da sabo mai motsi 175,560 a 1965. Daga nan zuwa 1976 aka gano sauran ashirin. John Conway na Jami'ar Cambridge ya samo uku a 1968 daga nazarin wani tsarin jera ƙwallaye a sarari mai fuska 24.

Babbansu shi ake wa laƙabi da Dodo. Bernd Fischer a Jamus da Robert Griess a Amurka sun yi hasashen samuwarsa a 1973, kuma Griess ya gina shi da hannu, ba da kwamfuta ba, ya sanar a 1980. Adadin motsinsa lamba ce mai alƙaluma 54, kuma mafi ƙanƙantar sararin da yake iya motsi a ciki yana da fuska 196,883. Ashirin daga cikin 'yan waren 26, har da shi kansa, suna cikin cikinsa. Shida ne kawai suka tsaya a waje.

A 1978 John McKay ya lura cewa lambar 196,884 tana fitowa a wani reshe na ilimin ƙidaya wanda a zahiri ba ruwansa da rukunai, kuma ta ɗara lambar Dodo da ɗaya tak. Da farko an ɗauka arashi ne. Conway da Simon Norton suka faɗaɗa hasashen a 1979, sannan Richard Borcherds ya tabbatar da shi a 1992 ta hanyar aron dabaru daga nazarin fiziya na zare. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Fields a 1998.

Yadda aka kafa hujjar

Gano rukunai abu ne guda, tabbatar da cewa babu saura kuma wani abu ne dabam, kuma shi ya fi wuya. Richard Brauer, wanda ya bar Jamus a 1933 bayan 'yan Nazi sun kori Yahudawa daga jami'o'i, shi ya nuna ƙofar shiga a 1954. Shawararsa ita ce a duba motsin da idan aka yi shi sau biyu ake komawa inda aka fara, kamar kifar da faifai, a kuma tattara duk motsin da ba su damu da wanda aka fara yi ba tsakaninsu da shi. Shi da ɗalibinsa Kenneth Fowler sun nuna a 1955 cewa idan aka san wannan ƙaramin taro, to rukunai marasa rabuwa da za su iya ɗauke da shi ƙidayayyu ne.

Dabarar tana buƙatar tabbacin cewa irin wannan motsi yana nan a ko'ina. Walter Feit da John Thompson ne suka ba da tabbacin a 1963, inda suka nuna cewa, in ban da rukunan zagaye, duk rukuni marar rabuwa adadin motsinsa yana rabuwa da biyu. Maganar jimla ɗaya ce, hujjarta kuwa shafi 255, ta cinye fitowa guda cur ta mujallar Pacific Journal of Mathematics. Kafin lokacin ba a saba ganin maƙala mai irin wannan tsawo ba, bayansa kuma sai ta zama al'ada.

A 1972 Gorenstein ya gabatar da tsari mai mataki 16 a Jami'ar Shikago, yana rarraba aikin kamar yadda ake rabon gandu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka masana daga Amurka da Birtaniya da Jamus da Japan suka ɗauki kashi-kashi. Wani matashi a lokacin, Michael Aschbacher na Caltech, ya share matakai da dama cikin sauri fiye da yadda kowa ya zata.

Giɓin da ya ɗauki shekara 21

Lokacin da Gorenstein ya yi shelarsa a 1983, ya dogara ne da wani rubutu mai kimanin shafi 800 na Geoffrey Mason a kan wani aji mai wuya na ƙananan rukunai. Ba a taɓa buga rubutun ba, kuma da aka duba shi da kyau sai aka ga bai kammala ba. Shekaru suka shuɗe masana a wasu fannoni suna kafa nasu binciken a kan jerin, alhali ɗaya daga ginshiƙansa bai tsaya ba. Wasu manyan masana, ciki har da Jean-Pierre Serre na Faransa, sun fito fili sun ce ba daidai ba ne a riƙa kiran aikin kammalalle.

Aschbacher da Stephen Smith ne suka ɗauki nauyin gyaran. Sun fara daga tushe, suka buga kundi biyu masu shafi fiye da 1,200 a 2004. Ba su sami wani sabon rukuni ba, jerin ya tsaya yadda yake. A 2008 ma Koichiro Harada da Ronald Solomon sun toshe wani ƙaramin giɓi da aka tsallake saboda kuskuren lissafi. Duk kuskuren da aka gano zuwa yanzu an iya gyara shi ba tare da jerin ya canja ba, wannan ne ma babban abin da yake kwantar wa masana hankali. Sai dai rashin ganin ɓaraka ba ɗaya yake da tabbacin babu ita ba.

Tseren da ake yi da lokaci

Tun farkon shekarun 1980 Gorenstein da Richard Lyons da Solomon suka fara sake rubuta hujjar baki ɗaya a tsari guda, mai gajarta da saukin bi. Gorenstein ya rasu a 1992, kafin kundin farko ya fito a 1994. Daga baya Inna Capdeboscq ta Jami'ar Warwick ta shigo cikin aikin, kuma kundi na goma ya fito a 2023, amma har yanzu da saura. Feit ya rasu a 2004, Conway kuma cutar korona ta ɗauke shi a 2020. Matasan masana ba su cika shiga fannin ba, domin jami'o'i sun fi ba da muƙami da tallafi ga wanda ya gano sabon abu a kan wanda ya share shekaru yana tantance tsohon aiki. Haɗarin a fili yake: takardun za su ci gaba da zama a ɗakunan karatu, amma masu iya karanta su su ƙare.

Hanya ta biyu ita ce a sa kwamfuta ta tantance kowane mataki. A 2012 wata tawaga ƙarƙashin Georges Gonthier, a cibiyar haɗin gwiwa ta Microsoft da hukumar bincike ta Faransa mai suna Inria, ta kammala shigar da hujjar Feit da Thompson cikin manhajar Coq, wadda ta tabbatar da ingancinta. Aikin ya ci shekara shida, alhali wannan hujja ɗan ƙaramin yanki ce ta dukkan ginin.

Me ya shafi wanda ba masanin lissafi ba?

Ilimin rukuni ya daɗe da fita daga allon jami'a. A 1891 Fedorov a Rasha da Schoenflies a Jamus sun nuna cewa tsarin daidaito 230 ne kacal ƙwayoyin ma'adinai za su iya bi. A 1918 Emmy Noether ta tabbatar cewa kowane daidaito mai gudana a dokokin fiziya yana haifar da wani abu da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kamar makamashi. A 1932 Marian Rejewski ɗan Poland ya yi amfani da ka'idojin musanya ya gano yadda na'urar sirri ta sojojin Jamus, Enigma, take aiki. A yau kuma tsarin da yake kulle saƙonnin WhatsApp da Signal, wanda 'yan jarida da masu fafutika suke dogara da shi, an gina shi a kan rukunan da Neal Koblitz da Victor Miller suka ba da shawarar amfani da su a 1985.

Waɗannan ba su dogara da babban jerin ba, don haka ko da an sami rukuni na 27 gobe, babu wayar da za ta daina aiki. Waɗanda za su girgiza su ne ɗimbin binciken da aka ɗora a kansa. Misali, a 2015 László Babai na Jami'ar Shikago ya sanar da hanya mafi sauri da aka sani ta gane ko taswirar alaƙa biyu ɗaya ce, kuma hujjarsa ta yi amfani da jerin. A Janairun 2017 Harald Helfgott, wanda yake bin aikin layi-layi, ya gano kuskure. Babai ya amsa kuskuren a bainar jama'a, ya gyara shi cikin 'yan kwanaki.

A lissafi, shelar babban farfesa ba ta wadatar, ko da kuwa shi ya jagoranci aikin. Abin da ya ceci wannan hujja shi ne an ajiye takardunta inda kowa zai iya dubawa, an sami waɗanda suka ƙi yin shiru da suka ga giɓi, an kuma sami waɗanda suka yarda su ba da shekarun rayuwarsu wajen cike shi. Ragowar kundayen da Lyons da Solomon da Capdeboscq suke rubutawa su za su nuna ko za a miƙa wa masu tasowa hujjar da za su iya karantawa da kansu, ko kuwa jerin da za su karɓa bisa amana kawai.